Gyara ba zagi ba ne

Ƙanena yana ɗaukar hoto da salula wurin suna da aure. Yana son abin ya zama sana'arsa. In ya gwada mini hotunan, ba na cewa "bai yi ba" kurum. Wannan magana ba ta koyar da komi, sai kashe gwiwa.

Nakan fara da abin da ya yi kyau. Sannan gyara guda: "Dubi fuskar amarya, ta yi duhu, don rana na bayanta. Gobe ka sa rana bayanka."

Ba na faɗa masa gaban mutane. Ba na kuma yabon ƙarya, don mai biki ba zai biya kuɗin hoton da bai gane ɗiyarsa ciki ba.