Dutse, Igiya da Ruwan Zoɓo: Abin da Ajin Bitar Kimiyya Ya Koya Mana



A watan Fabrairun bana ne zumuntarmu ta buɗe ajin bita domin ƙannenmu 'yan ajin ƙarshe na sakandare masu shirin rubuta WAEC da NECO. Mu biyar muka ɗauki nauyin: biyu ɗalibai ne a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, ɗaya malamar firamare, ɗaya mai haɗa wutar lantarki, ɗaya kuma ma'aikaciyar jinya. Talata, Alhamis da Asabar, daga ƙarfe huɗu zuwa shida na yamma, mukan taru a ɗakin makarantar Lahadi, manyan samari da 'yammata goma sha bakwai a kan bencin yara, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa. Fiziks, kemistiri da bayoloji muka sa a gaba, domin nan ne kukansu ya fi yawa.

Tun makon farko muka gane inda gizo ke saƙar. Yaran nan ba malalata ba ne. Idan ka tambayi ma'anar asid, sai su zuba maka ita kamar ayar haddacewa. Amma da yawansu ba su taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsu ba, ga shi kuma kowane ɗaya daga cikin darussan nan uku yana da takardar gwaji da hannu a jarrabawa. A wurinsu kimiyya wani baƙon abu ne da ke zaune cikin littafi da Turanci mai nauyi, ba ruwansa da Kakuri.

Abin ya ba mu mamaki da muka zauna muka yi tunani, domin Kakuri unguwar injuna ce. A nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, UNTL ta biyo baya a 1964, kamfanin Peugeot kuma ya soma harhaɗa motoci a 1975. Aikin masana'antun nan ne ya kawo iyayen yawancinmu daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da sauran wurare. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, lokacin ƙannenmu ko dai ba a haife su ba, ko suna goye. Abin da suka tarar shi ne dogayen katangu da ciyawa a bakin ƙofa. Ba wanda ya gaya masu cewa abin da ake yi a bayan katangun nan shi ne abin da ke cikin littafinsu.

Da yake ba mu da ɗakin gwaji, sai muka shiga kasuwa. Mun jiƙa zoɓo, muka tace, muka zuba a kofuna uku. A na farko muka matsa lemun tsami, ruwan ya ƙara ja har yana haske. A na biyu muka zuba ruwan kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi kore mai duhu. Na uku muka bar shi yadda yake don kwatanci. Sa'an nan muka riƙa ɗiga lemun tsami cikin kofin kanwar, ɗigo ɗigo, yara suna ƙirgawa, har jan ya dawo. Muka ce masu, abin da za ku yi ranar jarrabawa ke nan: a ɗiga asid cikin abokin gabansa har launi ya juya, a rubuta yawan abin da aka ɗiga. Kwalabe da sinadaran kawai za su bambanta.

Ashe Baba mai gadin majami'a yana tsaye a bakin taga. Ya shigo ya ɗauki kofin ya duba, ya yi dariya ya ce, "'Ya'yana, ai wannan aikina ne. Shekara goma sha tara ina sashen rini a masaƙa." Muka ba shi kujera. Ya ba mu labarin yadda suke tsoma wata 'yar takarda cikin ruwan tukunya su dubi launinta kafin a sa yadi, da yadda ake bi da yadin auduga ta cikin ruwan soda mai ƙarfi don ya yi sheƙi ya kama rini sosai. Ya nuna mana tabon da sodar ta bar masa a bayan hannu. Ɗaya daga cikinmu ya rubuta NaOH a allo ya ce, "Baba, ga sunan abin da ya ƙone ku." Baba ya daɗe yana kallon allon. Ya ce, "To, ni na san zafinsa, ku kun san sunansa. Ku haɗa biyun."

Daga ranar muka sake tsarin bitar. Muka ɗauki zane guda muka bi tarihinsa. Auduga tsiro ce, ganyenta na haɗa abinci daga hasken rana, ruwa da iskar kabon dayoksaid, zarenta kuma kusan duka selulos ne: bayoloji ke nan. Wankewa da rini, kemistiri. Injin da ke juya mazari da masaƙa, wanda ke mayar da lantarki ya zama motsi, fiziks. Darussa uku da yara ke ɗauka kamar maƙiya uku, ashe a zanen mama guda suke zaune.

Darasin da ya fi tsaya mana a rai kuwa ya zo ne ranar da muka yi gwajin lilo. Mun ɗaure dutse da igiya mai tsawon santimita 100, muka rataye a ƙusar ƙofa, muka auna lokacin kai da komo 20 da agogon waya. Daƙiƙa 41 muka samu, sau uku. Da aka buga lissafi, ƙarfin jan ƙasa ya fito 9.4, alhali littafi ya ce 9.8. Wani ƙaninmu ya ce, "Yaya, mu rubuta 9.8 kawai mana, ai mun san amsar." Dukanmu muka yi dariya, amma mai haɗa wutar cikinmu ya ƙi. Ya ce a sake dubawa. Sai wata yarinya ta lura cewa igiyar kaɗai muka auna, alhali tsawon lilo daga ƙusa ne zuwa tsakiyar dutsen. Muka ƙara santimita 4 da muka manta, muka sake lissafi, sai ga 9.8. Da mun rubuta abin da ba mu gani ba, da mun tashi da amsa daidai da kuskurenmu a ɓoye, kuma da mun sake yin sa ranar jarrabawa.

Yarinyar da ta gano kuskuren nan ita ce ta tsaya bayan an tashi, makonni biyu bayan haka. Burinta aikin jinya, kuma makarantun jinya suna neman kiredit biyar: Turanci, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. A jarrabawar gwaji ta makarantarsu ta faɗi fiziks. Mahaifinta tsohon ma'aikacin masaƙa ne, yanzu keke mai ƙafa uku yake ja. Wani ya kawo masa shawara cewa akwai wurin da za a biya kuɗi a "taimaka" wa yarinyar ranar jarrabawa, irin wuraren da ake kira mirakul senta. Kun ji sunan: kalmar mu'ujiza aka ara daga bakinmu na majami'a aka laƙaba wa satar amsa. Ta ce, "Anti, Baba ya ce zai ci bashi. Ya ce ba shi da kuɗin da zai biya mani jarrabawa sau biyu. Ƙawata ma can za ta. Me zan ce masa?"

Gaskiya, ba mu amsa nan da nan ba. Muna iya cewa zunubi ne, kuma zunubin ne. Muna iya tuna mata cewa akwai dokar ƙasa ta 1999 a kan maguɗin jarrabawa, kuma hukumar jarrabawa na iya riƙe ko soke sakamakon cibiya gaba ɗaya. Amma mahaifin nan ba mugu ba ne. Mutum ne da ya ga ƙofar masaƙa ta rufe a gabansa, yana tsoron ƙofar makaranta ta rufe a gaban 'yarsa. Wasunmu ma da ke koyarwa, idan za mu faɗi gaskiya, ba dukanmu ne muka fita daga ɗakin jarrabawa da hannu mai tsabta ba a zamaninmu. Kunya ta kama mu.

Ma'aikaciyar jinyar cikinmu ce ta yi magana. Ta ce, "Ƙanwata, ranar da likita zai rubuta miligiram kaza ga kowane kilo na nauyin jariri, ke kaɗai ce a ɗakin da ƙarfe biyu na dare, wa zai turo maki amsa?" Ta ce takarda za ta iya shigar da mutum makaranta, amma ba za ta tsaya a bakin gadon marar lafiya ba.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka je gidansu, mu biyu da wani dattijon ikilisiya. Muka gaisa da Baba, muka zauna a tabarma. Ba wa'azi muka je yi ba. Mun yi masa alkawari biyu: za mu ƙara wa yarinyar awa ɗaya ta fiziks bayan kowane aji, kuma idan ta faɗi, zumunta za ta tara kuɗin sake rajista. Baba ya yi shiru mai tsawo, sa'an nan ya ce, "Idan kun ɗauka, na bar maku. Amma ku sani amana ce."

A makonnin da suka rage mun riƙa nuna wa ajin inda ilimin nan zai tare su ko da babu jarrabawa. Mun sa murafen kwalba a jaka biyu, kowace da A ɗaya da S ɗaya, yara suna zaro ɗaya daga nan ɗaya daga can. Suka gani da idonsu cewa idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da rabo ɗaya cikin huɗu na zama SS, wato sikila. Ba wai ɗa na huɗu ne zai ɗauka ba, kamar yadda ake faɗa a unguwa. Kowane ciki sabon zaɓe ne, ana iya samun biyu a jere, ana iya rasa ko ɗaya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da S, shi ya sa ikilisiyoyi da yawa ke neman takardar gwajin jini kafin ɗaurin aure. Wasu manyan 'yan zumunta da ba ruwansu da WAEC suka shigo suka zauna a ranar. Haka kuma muka yi bayanin janareta: idan fetur bai ƙone sarai ba yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, wadda ke kama jini fiye da iskar da muke shaƙa don rayuwa. Dalilin da ya sa ba a kunna janareta a cikin ɗaki ko lungun da iska ba ta ratsawa ke nan. Wani yaro ya ce a daren nan ya sa aka fitar da nasu waje.

Sakamako ya fito a watan Agusta. Muna so mu ce maku ƙanwarmu ta cinye duka, amma ba haka aka yi ba. Ta sami B3 a bayoloji, C5 a kemistiri, ta ci Turanci da lissafi, fiziks kuwa D7. Mataki ɗaya ya rage ta kai kiredit. Ƙawarta da ta je wancan wurin ta fito da sakamako mai kyau. Ƙanwarmu ta yi kuka, mu ma jikinmu ya yi sanyi, kuma zuwa gaban Baba a karo na biyu ya fi na farko nauyi. Ya karɓi takardar ya duba ya ce, "Wannan nata ne?" Muka ce, "Nata ne, Baba, duka." Ya ce, "To, ku cika alkawarinku." Zumunta ta tara kuɗin, an yi mata rajistar jarrabawar 'yan waje ta ƙarshen shekara, kuma yanzu haka tana bitar lantarki da haske.

Mukan tuna da Daniyel da abokansa uku a sura ta fari ta littafinsa. Shekara uku suka yi suna koyon harshe da ilimin Babila, ba su guje wa karatun ba, ba su kuma yarda su ƙazantar da kansu don samun tagomashi ba. Amma kada mu mayar da labarin ya zama ciniki da Allah, wai duk wanda ya ƙi satar amsa dole ya sami A1. Wani lokaci D7 ake samu, a share hawaye, a koma kan benci. Abin da muka tabbatar shi ne, D7 ɗin nan ya nuna wa ƙanwarmu daidai inda gyaranta yake, kamar yadda 9.4 ya nuna mana santimita huɗun da muka manta.

Ga ƙannenmu da za su rubuta baɗi: ku fara yanzu. Ku nemi tambayoyin shekarun baya ku amsa da agogo a gabanku. Kada ku bar lissafi babu ma'auni a bayansa, mita ne ko giram ko daƙiƙa. Ku koyi zana jadawali da zanen halitta da fensir mai tsini. Abin da kuka karanta, ku koya wa wani, a nan za ku gane ko kun iya. Ga yayye da iyaye kuma: ajin zai ci gaba, muna neman masu koyarwa, tsofaffin littattafai, da iyayenmu da suka yi aiki a masaƙa, kamfanin mota ko asibiti su zo su ba da labarin aikinsu. Baba mai gadi ya riga ya karɓi Asabar ta farko.

Mu yi addu'a: Ya Ubangiji, kai da ka shirya halitta bisa tsari, ka ba ƙannenmu fahimta da ƙarfin zuciya su rubuta abin da suka sani. Ka ta'azantar da iyayen da ke ɗauke da nauyin kuɗin makaranta, ka kuma tuna da ƙanwarmu a jarrabawar da ke gabanta. A cikin sunan Yesu, amin.