Burokoli a Buhu: Abin da Na Gani a Asawase

Ana yi wa Kumasi kirari da birnin lambuna, amma wanda ya shiga Asawase ya zaga har Aboabo da Akwatia Line zai ga kirarin bai iso nan ba. Gidaje ne manne da juna, ɗakunan haya sun kewaye tsakar gida ta siminti, rufin kwano iya ganinka. A wannan zangon da Hausawa fatake da sauran 'yan arewa suka raya tun zamanin cinikin goro, da wuya ka sami fili ko na taku goma da za ka sa fartanya. Duk da haka a nan na ga ana noman burokoli.

Wata dattijuwa ce mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a gidan da na sauka. Ta jera tsofaffin buhunan shinkafa a kan benci a jikin bango, don kada tumaki su kai musu baki. Kowane buhu ta huda gindinsa, ta cika shi da baƙar ƙasa da ruɓaɓɓen kashin kaji, ta dasa tushe ɗaya tak. Ganyen kamar na kabeji yake, kuma ba mamaki, don tsatsonsu ɗaya. A Italiya burokoli ya fara yin suna kafin ya bazu duniya.

Na ce, "Hajiya, yaya aka yi wannan abin ya yarda da zafin Kumasi?"

Ta ce, "Ɗana, na farkon ai bai yarda ba."

Ɗanta da ke Ingila ne ya aiko mata da irin burokoli mai launin shunayya, mai yawan rassa, wanda ba ya yin kai guda babba sai ƙananan tsiro da ake tsinka a hankali. Ta shuka, ya yi tsawo, ya yi ganye shar har wata da watanni, amma ko toho ɗaya bai fitar ba. Laifin ba na hannunta ba ne. A Ingila ana shuka wannan irin ne ya kwana a gona duk tsawon lokacin sanyi, sanyin ne ke sa shi fure, sai a girbe shi tsakanin Fabrairu da Afrilu. A Kumasi kuwa zafin rana kan haura digiri 30, dare ma da wuya ya sauka ƙasa da 20. Abin ya dame ni, domin mutane da yawa hoton da ke jikin takardar iri suke bi, ba mai gaya musu ƙasar da aka yi irin dominta.

Ba ta haƙura ba. Ta je shagunan masu sayar da iri a kasuwar Kejetia ta nemo koren burokoli mai jure zafi. Ta yi rainon irin a tsohon kwano cikin Oktoba, ta dasa bayan mako huɗu, yadda kan zai fito daidai da hunturun Disamba da Janairu. Kan bai kai na kanti girma ba. Tana yanke shi tun yana dunƙule, kafin furen rawaya ya buɗe, ta bar tushen a buhu. Daga hammatar kowane ganye sai ƙananan tsiro su riƙa fitowa, tana tsinka tana zubawa a miya har makonni. Rassan da ta nema a irin Ingila, ga su ta samu a wannan.

Babban abokin gaba tsutsa ce, 'yar koriya da ke ɓuya a bayan ganye tana huda shi. Kowace safiya sai ta juya ganyen ɗaya bayan ɗaya ta tsince, ta yayyafa ruwan dakakken ganyen darbejiya.

Da na tambayi dalilin wannan wahala, sai ta nuna min wajen rafin Aboabo, wanda shara da ruwan kwata suka cika. Latas da kabeji da albasa mai lawashi da ake ci a birnin, da yawansu daga lambunan bakin rafi suke fitowa, irin na Gyinyase kusa da jami'ar KNUST. Manoman na iya ƙoƙarinsu, amma ruwan da suka samu da shi suke ban ruwa. Ita ta san ruwan da ya taɓa ganyenta. Ta kuma tuna min da 1972, lokacin da gwamnatin Acheampong ta yi shelar kowa ya ciyar da kansa, har ma'aikata suka koma shuka a bayan gida.

Ban ga alamar burokoli zai ture ayoyo daga gefen tuwon zafi ba. Buhunanta na ayoyo da alefu, wato alayyahu, sun fi yawa, kuma su cikin wata guda sun isa tsinka. Amma mu mutanen Kano da Katsina da Maraɗi, da hunturunmu ya fi na Kumasi sanyi nesa ba kusa ba, koren burokolin zai fi yi mana sauƙi, muddin an yi raino a Oktoba aka dasa a Nuwamba.