Boxer Da Hanyar Arewa

A ƙarshen watan Mayu da farkon Yunin 2022 abubuwa biyu suka faru a Legas, kwana uku kacal tsakaninsu, kuma dukkansu a kan babur. Ranar 29 ga wata wani Bayarabe mai suna Kunle Adeyanju ya shigo ta iyakar Seme a kan Honda, bayan ya taso da ita tun daga Landan, kusan kwana arba'in yana tafe, domin tara kuɗin yaƙi da cutar shan-inna. Aka yi masa tarba ta girma. Ranar 1 ga Yuni kuma dokar hana acaba ta fara aiki a ƙananan hukumomi shida: Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland. A watan Satumba aka ƙara da Mushin, Oshodi-Isolo, Shomolu da Kosofe. Agege ba ta cikin jerin, amma wa bai san cewa yaranmu da ke kwana a nan Ikeja suke zuwa nema ba? Wanda aka kama, babur ɗinsa ya tafi ke nan, mun ga yadda ake niƙe su a talabijin.

Ni bakaniken babur ne, a rumfa nake tun ina yaron shago. Tun daga wancan lokaci aikin da ake kawo mini ya canza. Da gyaran yau da gobe ne: fulogi, birki, juyen baƙin mai, yaro ya koma layi. Yanzu sai mutum ya zo ya ce, "Maigida, so nake ka shirya mini ita, gida za ni." Yawanci a tirela ake loda baburan zuwa Arewa, gaskiya ne. Amma akwai masu cewa kuɗin lodi ya yi yawa, gara su hau abinsu. Akwai kuma waɗanda suka bar ɗaukar fasinja suka koma dakon kaya, nama daga Abbatuwa ta Oko-Oba, buhuna zuwa Sango Ota da ƙauyukan Ogun, wasu har Idiroko. Duk waɗannan suna neman babur ya yi aikin da ba don shi aka ƙera shi ba.

Irin wanda Adeyanju ya hau, don doguwar tafiya aka yi shi. Injinsa ya kai ninki huɗu ko biyar na Boxer, ruwa ke sanyaya shi, birkinsa na faifai ne, shokazobansa dogo. Boxer ɗinmu ta kamfanin Bajaj na Indiya kuwa injinta siisii ɗari ne, babbar yayarta ɗari da hamsin, iska ce kawai ke sanyaya ta. Ba raina ta nake ba. Wallahi ban taɓa riƙe babur mai haƙurinta ba, kuma ko a wane ƙauye ka lalace za ka samu kayanta da wanda ya iya kwance ta. Wannan kaɗai ya sa a hanyar Mokwa na fi yarda da ita a kan babur ɗin miliyoyi. Za ta kai ka Sakkwato ko Kano. Abin da ke damuna shi ne inda yaranmu ke zuba kuɗinsu idan sun tashi shirya ta.

Abu na farko da suke nema kariya ce. A kai wa mai walda ya ƙara mata tsawo ta baya, kamu biyu ko uku, a ɗora katako. To ka duba inda nauyin ya sauka. Duk kayan da ya wuce tsakiyar tayar baya, ɗaga gaban babur yake yi, kamar yara biyu a kan lilon katako. Tayar gaba ta rage kama ƙasa, kan babur ya riƙa rawa a hannunka, in ka shiga kwana ko yashi sai ya zame ba sallama. Sannan ƙarfen da ke ƙarƙashin sit siriri ne, zafin walda yana ƙara raunana shi, ramukan hanya su ƙarasa aikin. Na sha ganin wanda ya tsage daidai bakin waldar. In dole sai an ƙara kariya, a ƙara ta a faɗi, a tokare ta da ƙarfe biyu zuwa wajen matakin fasinja, a ɗaure da noti maimakon a ƙona firam. Kaya mai nauyi ya zauna a mazaunin fasinja, jikin bayanka, ko a raba shi gefe biyu ya yi daidai. Na baya can sai tabarma da jakar tufafi.

Sai maganar sifoket, wato faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa. A nan muka fi yin musu da samari. Kowa so yake a sa masa ƙaramin na baya don babur ya ƙara gudu. E, zai ƙara, in hanya shimfiɗaɗɗiya ce kuma kai kaɗai ne a kai. Amma ka ɗora buhu biyu ka fuskanci hawa, sai ka ji injin yana nishi, kana ta wasa da kuloci har ya ƙone. Mai kaya da mai hanyar ƙauye babban sifoket na baya ya kamace shi, ƙarin haƙori biyu ko uku: gudu ya ragu kaɗan, ƙarfin ja ya ƙaru, inji ya huta. Kuma in za a canza, a canza su tare, sarƙa da na gaba da na baya. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙora ba ta yin wata biyu. Kada kuma a ɗaure ta tam kamar tsirkiya. A bar mata wasa kamar faɗin yatsa biyu, a gwada da mutum zaune a kai, domin nauyi yana ƙara jan ta. Wadda aka matse tana cin boris, wata rana ta tsinke ana cikin gudu.

Fitilu masu walƙiya da hon irin na tirela da rediyo mai Bluetooth, waɗannan ba na faɗa da kowa a kansu, kuɗinsa ne. Abin da nake faɗa kawai, wutar da inji ke bayarwa ƙayyadaddiya ce, in aka yi mata yawa batir zai mutu, kuma wayoyin da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda su ne ke kashe babur cikin ruwan sama. Fitilar gaba mai kyau guda ɗaya ta isa.

Wanda ba na yarda da shi sam shi ne cire madubi da sassauta birkin gaba. Al'adar cunkoson Legas ce, a rage faɗin babur don a kutsa tsakanin danfo da danfo, wasu har kan babur suke yankewa. Wai kuma birkin gaba yana kayar da mutum. Ɗan'uwa, mafi yawan ƙarfin tsayawa a tayar gaba yake. Tsakanin Ilori da Jebba tankokin mai da tireloli ne abokan tafiyarka, ta baya suke zuwa, kuma ba su jin hon ɗinka. Mutumin da ba shi da madubi a wannan hanya ya miƙa wuyansa ne. Duk wanda ya ce in shirya masa babur na tafiya, sai ya yarda na mayar da madubi biyu na sa sabon takalmin birki gaba da baya, in ba haka ba ya kai wani wuri. Na rasa kwastomomi a kan haka, har wani ya ce na cika wa'azi kamar limami.

Baƙin mai kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 komai ya tashi, sai mutane suka koma sayen na awo a kwalba, wanda ba ka san me aka gauraya ba. Boxer kusan lita ɗaya take sha. Lita ɗayan nan ita ke shafa fistin, ita ke jiƙa kuloci da giya, ita ke taya iska rage zafi. A ina za a yi tsimi a nan? A sayi na babur a rufe, a juye kafin a tashi, a kuma duba shi kowace safiya a hanya. Inji mai sanyaya da iska yana son hutu, bayan awa ɗaya da rabi ko biyu a tsaya a sha ruwa, a yi salla, shi ma ya huce. Matatar iska kuma, wadda a nan Legas wasu ke cirewa su yar wai don inji ya buɗe, da ka haye Neja lokacin hunturu za ka san amfaninta. Ƙurar nan tana shiga ta cinye ringi kamar an goga sanfefa, ka isa gida babur yana hayaƙi.

Akwai abin da sifana ba ta gyarawa. Masu zuwa Sakkwato da Kabi suna bi ta Kwantagora da Yawuri, masu zuwa Kaduna da Kano da can ta Tegina da Birnin Gwari suke yankewa, kuma duk mun san abin da ya sami waɗannan dazuzzuka. A wasu yankunan ma hukuma ta taɓa hana hawa babur gaba ɗaya saboda 'yan bindiga da shi suke yawo, kuma Boxer ce dai irin tasu. Saboda haka nake ce wa yaro ya tambayi direbobin tasha halin hanya a ranar da zai tashi, kada ya dogara da labarin makon jiya. Takardun babur da katin shaida su kasance a aljihun gaba cikin leda, hular kwano a ka, a tafi su biyu ko uku, kuma la'asar ta yi musu a garin da za su kwana.

Kafin ya bar rumfata ina ɗaure masa ƙunshi a ƙarƙashin kariya: tib guda, kayan faci da ƙaramin famfo, fulogi, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa biyu, sifana mai lamba goma da sha biyu da sha huɗu da sha bakwai. In ya ce bai iya cire tayar baya ba, sai ya zauna ya cire ta a gabana ya mayar, ko da zai kai magariba. Kuɗin kayan nake karɓa, na koyarwar kuma in ya sauka lafiya ya bugo waya ya shaida mini.