Daren Da Na Kashe Famfo

A hutun da ya wuce na je Ikko wurin kawuna. A falonsa akwai akwatin gilashi mai cin lita 200, inda yake kiwon kifayen teku. Shi yake haɗa ruwan, gishirin teku giram 35 a kowace lita. A ciki akwai ɗan famfon lantarki na roba, domin gishiri yana cin ƙarfe.

Ran nan Kawu ya yi tafiya, ya bar mini amanarsu. Da dare ƙarar famfon ta hana ni barci, sai na kashe shi. Da asuba na tarar da kifayen a saman ruwa suna ta buɗe baki, biyu sun mutu.

Da ya dawo na faɗa masa gaskiya, jikina yana rawa. Bai doke ni ba. Ya ce, "Ɗana, motsin ruwa ne ke shigar musu da iska, ga shi ruwan gishiri ba ya riƙe iska kamar ruwan daɗi. Shi ya sa na zaɓi famfon da ke juya ruwan akwatin sau 10 a awa."

Washegari ya ƙaro famfo na biyu, ko da ɗaya zai tsaya. Ni kuwa tun ran nan ba na taɓa abin da ban san aikinsa ba. Matambayi ba ya ɓata.