Yawun Baffa

A gidanmu da ke cikin birnin Kano, yaro yakan haddace salsalarsa tun kafin ya kai izu biyu. Kakan kakanmu, in ji manya, Balarabe ne daga Gadamas, ya keto hamada da ayari ta Agadas, ya sauka a Dandalin Turawa, unguwar da fataken Larabawa suka zauna. Da wannan labari ake aurar da 'yan matan gidanmu, da shi kuma ake ƙin wasu manema.

Da na karanci ilimin ƙwayoyin halitta a jami'a, sai na so in kafa wa labarin hujja. Akwai wani ɓangare na halittar ɗan Adam, kuromozom Y, wanda uba ke miƙa wa ɗansa namiji kusan ba canji, daga tsara zuwa tsara. Ni mace ce, ba ni da shi, mahaifina kuma ya rasu. Dole na durƙusa gaban Baffa, wansa, ina roƙon yawunsa a 'yar kwalba.

Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ce, "Uwata, kin tabbata kina son ji?" Na ɗauka zolaya ce irin ta tsofaffi.

Wani ɗan'uwa da ke Amurka ya tafi da kwalbar. Bayan makonni sakamako ya iso ta wayata. Na sa ran ganin E-M81, reshen da ya fi yawa a mazan Arewacin Afirka, ko J1 na yankin Larabawa. Abin da na gani E-M2 ne, reshen da ya mamaye Afirka ta Yamma. Na karanta sau uku. Gwajin ba ya ambaton sunan kowa, amma ya isa ya nuna cewa da wuya a ce layin iyayenmu maza daga ƙetaren hamada ya fito. Tunanina na farko, Allah ya yafe mini, ya tafi kan mutuncin wata kaka da ban taɓa gani ba.

Bayan la'asar na same shi a zaure na faɗa masa. Bai girgiza ba. Ya ce Balaraben gaskiya ne, amma bai bar ɗa namiji ba. Yana da wani bawa da ya saya tun yana yaro, ya koya masa karatu da lissafi, ya 'yanta shi, ya ba shi auren 'yarsa. Daga wannan auren muka fito. Mahaifinsa ne ya gaya masa a daren da zai cika, shi kuma bai gaya wa kowa ba, har mahaifina.

Na tambaye shi sunan yaron da garinsu. Ya ce sunan da ubangidansa ya raɗa masa kaɗai aka riƙe. Na yanka ya ɓace a hanya.

A watan jiya aka zo neman auren ƙanwata. Ina daga bayan ƙofa na ji Baffa yana jero salsala kamar kullum, har zuwa Gadamas. Da ya fito muka haɗa ido, ya ce in kawo wa baƙi ruwa.