Wayar Kawu

Ku buɗe taswirar Afirka, ku ɗora yatsa bisa Maraɗi ko Damagaram. Ku ja shi gabas, ku wuce tabkin Cadi, ku wuce Darfur, har ku iske koguna biyu masu gangarowa daga kudu. Ɗaya Farin Nilu, ɗaya Shuɗin Nilu. A birnin Khartum suke gamuwa. Ƙasar da ke tsakaninsu ana ce mata Jazira, wato tsibiri da larabci. Can aka haife ni, a wani ƙauye kusa da garin Mai Wurno, kudu da Sannar, cikin ƙasar Sudan. Hausa muke yi a gida, kamar ku.

Kakanninmu daga yamma suka zo. A 1903 turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a zuwa gabas, ya kafa gari a bakin Shuɗin Nilu a 1906. Waɗansu kuma alhazai ne masu zuwa Makka a ƙasa, suka yada zango, zango ya zama gida. Da aka gama madatsar ruwa ta Sannar a 1925, aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aiki ya samu, mutane suka ƙaru.

Daga garinmu zuwa Kano wajen kilomita 2,700 ne. Tsofaffinmu da yawa ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, amma kullum suna son jin labarinta. Rediyon Omdurman larabci yake yi. Mai son hausa sai ya nemi gajeren zango. Nan ne BBC take, wadda ta fara hausa a 1957, nan ne kuma Rediyon Kaduna yake a wancan lokaci, a kan mita 49. Sai dai ƙaramin rediyo mai pil bai cika kamo Kaduna ba. Ana jin muryar can ƙasa-ƙasa, kamar mutum yana magana cikin rijiya.

Kawuna mai gyaran rediyo ne a kasuwa. Shi ya yi mana maganin wannan. Ya samo tsohon injin ban ruwa da ya ƙone, ya warware jar wayar da ke naɗe cikinsa. Ya auna kamu arba'in, wajen mita 20 ke nan. Ya ɗaura baki ɗaya a reshen dogon yaro, ɗaya bakin a kan doguwar gora. Bai bar wayar ta taɓa icce ba. Ya yanka tsohon takalmin roba, ya huda, ya sa tsakanin wayar da igiya. Daga nan ya kankare bakin wayar da wuƙa, don akwai fenti a jikinta, ya naɗa shi a ƴar sandar ƙarfen rediyo. Nan take muryar ta fito daga rijiya. Kakata ta ce: "Kai, yau Kaduna ta shigo ɗaki!"

Da faransanci ana kiran wannan waya antenne. Larabawan Sudan suna cewa aryal, a Kano kuma eriya. Mu dai wayar Kawu muke ce mata.

Na tambaye shi yadda murya ke ƙetare duk wannan hamada. Ya ce can sama ƙwarai, inda jirgin sama ba ya kaiwa, akwai wani rufi na iska wanda ba a gani. Saƙon gajeren zango yana tashi daga tasha, ya bugi rufin, ya komo ƙasa can nesa, kamar ƙwallon da aka buga a bango. Rana tana sake halin rufin, shi ya sa mita 49 ta fi kamuwa da dare. Waya ita ce tarun da ke kama saƙon. In ta yi tsawo, ta yi sama, ta fi kamawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wayar tana tafiya da mu. Lokacin ɗari muna zuwa cirar auduga a Jazira, mu yi makonni a bukka, bakin gonar da ake kira hawasha. Kawu yakan naɗe wayar a guntun kara, ya sa aljihu. In mun sauka, sai ya ɗaura dutse a bakin igiya, ya jefa bisa reshe, ya ja waya sama. Kafin a dafa shayi an gama. A kan hanya kuma dabara dabam ce, don ba a jan waya mai mita 20 bayan jaki. Sai ya naɗa ta zagaye-zagaye a jikin gora, ya kafa gorar a gefen amalanke. Ba ta kai miƙaƙƙiya kamawa ba, amma ta fi babu.

Kada ku raina wannan dabara. A watan Disamba 1901, wani mutumin Italiya mai suna Marconi ya ɗaura doguwar waya a jikin abin wasan nan mai zare da iska ke ɗauka sama. Yana tsaye a gaɓar da a yau take cikin Kanada, ya ce ya ji alamar da aka aiko daga Ingila, tafiyar fiye da kilomita 3,000 bisa teku. Tasa wayar ma ta ɗauka-ka-tafi ce.

Wani dare ina murɗa rediyo kusa da mita 41, sai na ji wata murya kamar kukan agwagwa. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Kawu ya yi dariya, ya ce: "Ɗana, waɗannan masu rediyon sha'awa ne. Rediyonmu ba irin nasu ba ne, shi ya sa kake jin agwagwa." Da faransanci ana ce musu radioamateurs. Mutane ne kamar kowa, malamai, direbobi, ɗalibai. Ba sauraro kaɗai suke yi ba, suna aika magana, wani ya amsa daga wata ƙasa. Sai sun ci jarrabawa, hukuma ta ba su izini da lambar kira. Lambar ɗan Nijar tana farawa da 5U, ta ɗan Nijeriya da 5N, ta ɗan Sudan da ST. Kawu bai taɓa aika magana ba, don ba shi da izini, ba shi da na'urar. Amma ya san lissafinsu sarai.

Mai sauraro kowace doguwar waya ta ishe shi. Mai aikawa kuwa dole ya auna, in ba haka ba ƙarfin ya komo cikin na'ura maimakon ya fita. Ga lissafin, ku gwada bisa allo. Saƙon rediyo yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. A tashar da suka fi so, yana kaɗawa sau miliyan 14 a daƙiƙa. Ku raba 300 da 14, za ku samu mita 21 da ɗan ɗori. Wannan shi ne tsawon zango guda. Rabinsa ake so, a rage kaɗan, sai ya zama mita 10. A yanka wayar biyu, mita 5 dama, mita 5 hagu, igiyar na'ura ta shiga tsakiya. Shi ke nan. Da irin wannan waya, wadda ba ta cika tafin hannu ba in an naɗe, mutum yana iya hawa tudu ya yi magana da wata nahiya. Masu mota kuma suna sa gajerar sanda, su naɗa waya a gindinta don ta cike tsawon da ya rage. Dabarar amalanken Kawu ce.

Dokoki biyu ya kafa mana, kuma ba ya wasa da su. Ba a kai waya kusa da wayar lantarki. In hadari ya taso, a cire ta daga rediyo, a sauke ta ƙasa, don tsawa tana bin abu mai tsawo.

Da wayar salula ta zo, samari suka manta da rediyo. Kawu ya tsufa, rumfarsa ta koma wurin sayar da kati. Sai yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A watan Disamba na wannan shekara birnin Wad Madani ya faɗa hannun RSF, kuma sojoji ba su karɓe shi ba sai Janairu 2025. Dubban mutane suka gudo kudu, wajen Sannar. Gidanmu ya cika da baƙi. A watan Fabrairu 2024 layukan salula da intanet suka yanke a mafi yawan ƙasar. Uwa ba ta san inda ɗanta yake ba. Ba wanda ya san garin da faɗa ya kai, ko hanyar da za a bi.

Tun watan Mayu 2023 BBC ta buɗe wani shiri na larabci a gajeren zango don mutanen Sudan. Sai aka shiga tone akwatuna ana fiddo tsofaffin rediyo. Pil ya yi tsada, ba a kunnawa sai lokacin labarai. Samarin da ke yi wa Kawu dariya a da suka riƙa zuwa suna durƙusawa: "Baba, a koya mana ɗaurin waya." Idanunsa sun yi rauni, amma yatsunsa ba su manta ba. Yana zaune bisa tabarma, yana auna kamu da hannunsa, su suna yanka.

Wannan karon ba mu kafa gora ba. Mai bindiga in ya hango doguwar sanda da waya bisa gida, yana iya cewa ɗan leƙen asiri ne, kuma ba zai tsaya jin bayani ba. Sai muka miƙe wayar daga katanga zuwa dogon yaro, daidai tsayin mutum. Da rana mata suna shanya tufafi bisanta. In magariba ta yi, a kwashe shanya, a jawo bakin wayar ta taga, a rage murya, maƙwabta su shigo ɗaya-ɗaya su zauna.