Fada a Tsakiyar Ruwa da Kududdufan Garinmu

Bahaushe ya ce tafiya mabuɗin ilimi, amma bai faɗi ilimin wace ƙasa tafiyar za ta buɗe wa mutum ba. Sau da yawa mutum yakan ƙetare teku ya ga abin al'ajabi a ƙasar wasu, sai abin ya tuna masa da wanda ya baro a bayan ɗakinsa. Wannan 'yar maƙala a kan wata fada ce da na gani a ƙasar Indiya, wadda aka gina a tsakiyar tafkin da mutane suka tare da hannunsu, da kuma abin da ganinta ya sa na fahimta game da birninmu na Zazzau.

Kowa ya san albashin malamin makaranta ba ya kai mutum Indiya yawon buɗe ido. Jinya ce ta kai ni a shekarar 2019, lokacin da dangi suka yi karo-karo aka tura ni rakiyar yayana wani asibiti a birnin Delhi. Da aka gama yi masa aiki, Allah ya ba shi sauƙi, sai likitoci suka ce ya dakata 'yan makonni kafin ya hau jirgi. Ran nan ya dube ni ya ce, "Kai fa malamin makaranta ne. Kada ka koma gida ba ka da labarin da za ka ba yara sai na warin magani. Tashi ka ga gari." Na ce, "To, Yaya, wa zai zauna da kai?" Ya ce ai ga ɗansa nan. Haka na kama hanyar Jaifur, tafiyar kamar awa biyar a mota.

Jaifur shi ne babban birnin jihar Rajastan, ƙasa mai zafi da ƙarancin ruwa, wadda wani sashenta hamada ce. Sarki Jai Singh na Biyu ne ya kafa birnin a 1727, kuma a 1876 aka shafe gine-ginensa da wani launi ja-ja don tarbar Yariman Ingila, launin da tsohon garin yake riƙe da shi har yanzu. A shekarar da na je ne hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Idan ka fita ta arewacin gari, a kan hanyar tsohuwar fadar Ambar, sai ka ga tafki shimfiɗe a tsakanin duwatsu. Sunansa Man Sagar. Asalinsa rafi ne ya ratsa tsakanin duwatsun, sarakunan wurin suka gina madatsa suka tare shi don su sami abin dogaro a lokacin fari.

A tsakiyar wannan ruwa fadar take. Suna kiranta Jal Mahal, wato Fadar Ruwa. Da jan dutse aka gina ta, kusurwa huɗu, kowace kusurwa da 'yar hasumiya mai tulluwa, a saman rufinta kuma ga lambu da itatuwa tsaye. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, hawa biyar gare ta, amma idan tafkin ya cika guda ɗaya kaɗai ido yake gani, sauran huɗun suna ƙarƙashin ruwa. Sarakuna sukan je can shan iska da harbin agwagin ruwa idan zafi ya tsananta. Lokacin da na je ba a barin baƙi su shiga, don haka a bakin gaɓa muka tsaya, mu da masu sayar da gyaɗa da masu ɗaukar hoto, har rana ta faɗi aka kunna fitilu, fadar ta koma biyu, ɗaya a sama ɗaya a cikin ruwa.

To, mai karatu, kada ka zaci haka wurin yake tun fil azal. Shekaru da dama ƙazantar birnin Jaifur ta riƙa kwarara cikin tafkin nan ta manyan magudanai, har ruwan ya yi ɗoyi, laka ta cika shi, tsuntsaye suka ƙaurace, fadar kuma ta zama kango. Sai bayan shekara ta 2000 aka tashi haiƙan aka karkatar da magudanan, aka yashe lakar, aka sa wurin tace ruwa, sannan aka gyara ginin. Masu aikin sun gane cewa gyaran fada ba shi da amfani muddin ruwan da take ciki ya ruɓe, don haka da ruwan suka fara.

A nan ne tunanina ya dawo gida. Mu a Zazzau ba mu da fada a tsakiyar tafki, amma muna da tafkunan da mutane suka haƙa da hannu, waɗanda daga cikinsu fadarmu ta fito. Duk wanda ya taso daga Tudun Wada ya shiga birni ta Ƙofar Doka, ya zaga unguwanni, zai ga kududdufai nan da can. Kowane ɗaya daga cikinsu ramin da aka ɗebi ƙasar gini ne. Daga irin waɗannan ramuka aka kwaɓa ƙasa aka yi tubali, aka ta da ganuwa da ƙofofinta, su Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kibo, aka gina soraye da zauruka da gidan sarki. Da irin wannan ƙasa Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830, da bakan gizonsa da azarar giginya, ginin da masana daga ƙasashen waje suka riƙa zuwa suna aunawa suna rubuta littattafai a kansa. In ka ga tsawon soro, to akwai ramin da ya haife shi a kusa.

Kakanninmu kuma ba su bar ramukan a banza ba. Da damina ruwan unguwa duk can yake gangarawa, shi ya sa ba ya shiga ɗakunan mutane. Da rani a shayar da dabbobi, a yi lambu a gefe, yara su kama tarwaɗa, magina su ɗebi ruwan kwaɓa ƙasar yaɓe. Ƙasa ta fita ta zama gida, ruwa ya shigo ya zauna a gurbinta, kowa ya amfana.

Yau fa? Yawancinsu sun zama bola. Leda da robar ruwa da ƙazantar kwata duk can ake turawa, har idan wuri ya cika sai a yanka filoti a sayar, a ɗora gidan bulo. Ruwan sama kuwa bai san an sayar da gidansa ba. Idan Agusta ta zo sai ya nemi inda ya saba zama, in bai samu ba ya shiga tsakar gidan maƙwabta, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zauna. Wata rana na tambayi ɗalibaina na ajin ƙarshe daga ina aka samo ƙasar da aka gina ganuwar Zazzau. Aji ya yi tsit. Can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai tifa ce ta kawo." Aka yi dariya, amma ni abin bai ba ni dariya ba, domin yaron kullum ta bakin kududdufi yake wucewa zuwa makaranta.

Na san akwai mai cewa, Malam, kududdufi ai matattarar sauro ce, ga tsargiya, ga yaran da suke nutsewa a ciki. Wannan gaskiya ne, kuma duk uwar da ta rasa ɗa a ruwa ba za ta so jin yabon kududdufi ba. Amma tafkin Jaifur ma ya kai ga cutar da mutanen da ke kusa da shi, ba su kuwa cike shi da shara ba. Yashewa suka yi, suka hana ƙazanta shiga, suka gyara gaɓarsa. Wanda ba zai yiwu a bari ba a cike shi bisa tsari, bayan an yi wa ruwa hanya. Manyan kuwa, waɗanda suka girmi kakannin kakanninmu, a kewaye su, a dasa itatuwa, a rubuta sunayensu.

Ranar Juma'a, 11 ga Agusta 2023, wani sashe na masallacin Babban Gwani ya rufto ana cikin salla, bayin Allah suka rasa rayukansu, Allah ya jiƙansu. Ranar ce da yawa daga cikinmu suka tuna cewa abin da muka gada ba zai jira mu har abada ba. Gini ma da ake gani ke nan, ina ga rami da ba mai kallonsa?

A nan nake so in ja hankalin 'yan uwana marubuta, musamman masu tasowa. Mun tashi muna kallon finafinan Indiya, mun ɗauko musu soyayya da rawa a cikin lambu, har jaruman littattafanmu ba sa zama sai a gidan bene mai wurin wanka. Amma littafi nawa ne ya kai mu bakin kududdufi da hantsi, mu ji ƙamshin ƙasar da aka kwaɓa, mu ga magini yana cilla tubali sama wani yana cafewa? A garin nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, a nan Abubakar Imam ya yi aikinsa, don haka ba mu da uzuri. Kowane kududdufi yana da suna, yana da labarin da tsofaffin unguwa suka sani, na aljanu ne ko na sarakai ko na wata shekarar ambaliya. Ku ɗauki biro da takarda ku je ku gaishe su, ku tambaya, tun suna da rai. Wanda bai iya hana a cike rami ba, ai ya iya hana sunansa ɓacewa.

Allah ya sa mu dace, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar da aka bar mana, amin.